Wanki Ba Ruwa

Allon shagon ya daɗe da faɗuwa.
Inda aka rubuta “Arzika: Wanki Ba Ruwa”
yanzu wani yaro ke cajin waya,
bai san abin da ke ƙarƙashin tabarmarsa ba.
Ni na sani. Shekara goma sha ɗaya
ina tura dutsen guga nan Badariya,
ina fitar da shadda da kwat ɗin manyan sakatariya,
ba tabo, ba ko ɗigon ruwa.

Da la’asar sakaliya maigida kan ce,
“Gado, juye dattin nan bayan shago.”
Baƙin tsaki daga cikin inji, mai sanyi a hannu,
mai wari kamar kananzir da ya sha alewa.
Na haƙa masa rami gindin dogon yaro.
In zuba, ƙasa ta lashe baki.
Har yaba mata nake da ba ta barin shaida.
Ashe ajiya take, ba cinyewa.

Arzika ya rasu, an sayar da injin a kilo.
Sai bara kokon Inno Kulu ya ɗauki warin shago.
Ta canza gero, ta canza tukunya,
ta yi faɗa da mai niƙa,
kafin ta kai hanci bakin rijiya.
Gugar da na yi ta iske gugan da take ja.
Rijiya tara aka shafa wa jan fenti,
jarkar ’yan garuwa ta ninka kuɗi,
har alwala sai da aunawa.

Suka zo da farar mota da hular kwano.
Shugabarsu Hajaru, sa’ar autata ce.
Kwana shida suna huda ƙasa,
suna jera ’yan kwalabe cikin ƙanƙara.
Ina bencin mai shayi, kofina ya huce.
Gabas suke haƙa.
Na san yamma ne.
Kwana shida harshena ya ƙi ɗagawa.

Ran na bakwai na ja takalmi,
na tsaya bisa kututturen dogon yaro.
Na ce, “Ɗiyata, nan ne. Ni ne.”
Ta buɗe littafi.
“Bokiti nawa a mako, Baba? Shekara nawa?”
Da zagina ta yi, da ya fi sauƙin haɗiyewa.

Ta ce abin ya fi ruwa nauyi,
nutsewa yake kamar tsakuwa,
ya kwanta bisa yumɓu can ƙasa
yana sakin kansa kaɗan-kaɗan,
yana rarrafe wajen fadama,
inda shinkafa ke tsaye ba ta da labari.
Ta zana mini shi a ƙasa da tsinke:
dogon harshe, ya bi ta ƙasan masallaci,
ta ƙasan ɗakin da jikata ke kwana,
bai nemi izinin kowa ba wajen wucewa.

Tifa arba’in ta kwashe ramina.
Yanzu famfo uku ke zuƙa dare da rana,
ruwan ya ratsa tankunan gawayi,
ya bar dattinsa, ya koma gida.
Na tambaye ta yaushe.
Ta ce, “Biyar, ko goma. Shekaru nake nufi.
Ƙasa ba shadda ba ce, Baba,
da za a ba ka rasit a ce jibi ka dawo karɓowa.”

Sun ba ni gadin famfo.
In an ɗauke wuta tsakar dare
nakan lalubi igiyar janareta,
kafaɗar tana ƙara, ina ja.
Da safe Inno Kulu kan aiko da koko,
na ruwan saye, ba ta taɓa cewa komai ba.
Nakan shinshina kafin in kurɓa,
in zauna ina sauraren bututu,
ni da na yi wanki ba ruwa,
ga ni zaune, ruwa nake wankewa.